Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba

Kalmar ciki tana cikin kalmomin da Hausa ta jibga wa kaya masu yawa, har ta kai ba a iya faɗin hakan ma sai an ara ta. Ita ce sunan wurin da abinci yake sauka, ita ce sunan abin da mace take ɗauka wata tara, ita ce kuma sunan duk inda ido bai kai ba, ko cikin tulu ne, ko cikin gida, ko cikin dare. Idan mahauci ya ce kayan ciki, tumbi da hanji da hanta yake nufi, idan kuwa tsohuwa ta ce su wane ciki ɗaya suka fito, tana nufin zumuncin da babu wanda ya fi shi kusa. Mutumin da ba a jin sirrinsa an ce yana da zurfin ciki, wanda kuma yake kewaye-kewaye da magana don ya ji abin da wani ya ɓoye an ce bugun cikinsa yake yi, kamar yadda ake ƙwanƙwasa ƙwarya a ji ko ta tsage. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda Bahaushe ya ɗauki murna da damuwa ya ajiye su a nan, ya kuma ba su launi, ya ce farin ciki da baƙin ciki, alhali a zamanin da aka ƙagi maganar babu wanda ya taɓa leƙa cikin mai rai ya ga fari ko baƙi.

Karin magana ma ta bi wannan hanya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato mutum ya iya haɗiye magana kamar yadda yake haɗiye loma, an kuma yi masa kirari da mai manta kyautar jiya, saboda duk abin da aka ba shi da daddare, da safe zai tashi yana neman wani. Mawaƙan wa'azi sun sha jan kunne a kan haram ɗin da ake zuba masa, mata kuma a bakin turmi da dutsen niƙa sun daɗe suna amayar da baƙin cikin zaman gida a waƙe, tunda waƙa ce ƙofar da kunya ta bar musu a buɗe. Duk waɗannan maganganu sun tsaya ne a kan zato guda, cewa ciki rumbu ne mai riƙe abin da aka danƙa masa, ya sarrafa shi a ɓoye, ya fitar da shi a lokacin da mai shi ya ga dama. Akwai kuwa wata cuta da take rushe wannan zato tun daga tushe, kuma iyalin da ta shiga gidansu sukan tarar cewa kalmomin da suka gada na gaisuwa da lallashi da ban haƙuri sun yi musu kaɗan.

Likitoci suna kiranta cutar Crohn, ana furta sunan kamar Kuron. Sunan Burrill Crohn ne, likitan ciki a asibitin Mount Sinai da ke birnin Niyok na Amurka, wanda a shekarar 1932 shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka wallafa bayanin marasa lafiya 14 waɗanda ƙarshen ƙaramin hanjinsu ya kumbura, ya yi kauri, ya ƙuntata. Tun 1913 wani likitan tiyata a Gilasgo mai suna Kennedy Dalziel ya riga su bayyana irin wannan ciwo, amma sunan Crohn ne ya zo farko a jerin marubutan bayanin 1932, shi ne kuma ya manne. An fi samun rahotonta a Turai da Arewacin Amurka, inda shugaban Amurka Eisenhower ma sai da aka yi masa tiyatar hanji saboda ita a 1956, sai dai a shekarun baya-bayan nan tana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, inda birane suke bunƙasa, cimaka da yanayin zama suke sauyawa. Hausa ba ta raɗa mata suna ba tukuna, don haka takan fake a ƙarƙashin ciwon ciki, sunan da ya haɗa yaron da ya cika cin ɗanyen mangwaro da mutumin da hanjinsa yake shirin toshewa.

Abin da yake faruwa shi ne garkuwar jiki, wato rundunar ƙwayoyin da aikinsu shi ne yaƙar cuta, takan ɗauki ƙananan halittun da suke zaune lafiya a hanji a matsayin abokan gaba, ta auka musu ba ƙaƙƙautawa, bangon hanjin kuma shi ne filin dagar. Kumburin yana iya fitowa a ko'ina daga baki har dubura, amma ya fi son mahaɗar ƙaramin hanji da babba, a ƙasan ciki ta hannun dama, kuma tsallake-tsallake yake yi, ya ci nan ya bar can, kamar gobarar daji da iska take wasa da ita. Yana ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, shi ya sa idan ya daɗe yakan bar tabo mai ƙuntata hanya har abinci ya kasa wucewa, ko ya huda wata ɓarauniyar hanya daga hanji zuwa wani hanjin, ko zuwa mafitsara, ko zuwa fatar da ke kusa da dubura inda mugunya take tsiyaya. Daga nan ne murɗa take fitowa, da gudawar da take shafe makonni, wani lokaci da jini, da zazzaɓi, da rama, da ƙarancin jini, domin sashen hanjin da ta fi kamawa shi ne mai tsotse sinadarin B12 wanda jiki yake bukata wajen haɗa jini. Takan taɓa gaɓoɓi da idanu da fata, ta kuma kawo wata irin gajiya da barci ba ya kore ta. Yawanci tana bayyana ne tsakanin shekara 15 zuwa 35, daidai lokacin karatu da neman sana'a da aure. Gado yana da hannu a cikinta, kuma a 2001 aka gano ƙwayar gado ta farko da take ƙara haɗarinta, mai suna NOD2. Shan taba sigari yana ƙara haɗarin kamuwa yana kuma tsananta ta. Amma ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma wani abu da mutum ya ci ba ne ya jawo masa ita. A yau likita yana zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura ya leƙa cikin mai rai, abin da ake kira kolonoskofi, launin da yake gani kuwa ja ne, ja mai gyambo da tsagewa.

Tsakanin jiki da ciki harafi ɗaya ne, kuma a wannan ɗan taƙin ne wahalar iyali take farawa. Mai zuwa dubiya jiki yake tambaya, ya ce yaya jiki, amsar kuwa an riga an yanka ta tun kafin a yi tambayar, wato da sauƙi, ko da mai faɗin ta bai runtsa ba tun jiya. Wannan amsa tana da kyawunta, domin ta haɗa godiya ga Allah da fatan alheri da sauwaƙa wa mai tambaya, kuma ba abin da za a so a rasa ba ne. Matsalarta kawai ita ce an gina ta ne a kan ciwon da ido zai iya shaidawa, kamar karaya ko ƙyanda ko zazzaɓin da ake ji da tafin hannu, inda mai dubiya yake jin da sauƙi da kunnensa, ya kuma auna gaskiyar lamarin da idonsa. Mai cutar Crohn yana iya fitowa da wankakkiyar riga, ya gaisa da mutane a zaure, ya yi dariya, alhali cikin daren ya zaga bayan gida sau takwas. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin hanji fuska ba ta cika ba da shi ba, wani lokaci ma juya shi take yi, domin maganin da ake kira firednisolon, wanda ake bayarwa don kwantar da kumburi idan ciwon ya tashi, yakan sa fuska ta cika ta yi zagaye, sai 'yan'uwa su yi ta barka, suna cewa ya murmure, a daidai lokacin da ciwon ya fi tsanani.

Saboda haka abu na farko da mai wannan ciwo yake nema a wurin danginsa shi ne a gaskata shi. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin kafin a kai ga sunan cutar yawanci an bi ta kan sunaye da yawa. A kemis an ce taifot ne, maƙwabci ya ce ulsa ce, mai maganin gargajiya ya ce basir ne ya kawo jiƙo na wankin ciki, wanda ga hanjin da ya riga ya ƙuntata da jikin da gudawa ta riga ta tsotse ruwansa ba ƙaramin haɗari ba ne. A asibiti ma akwai wata cuta da take kama da ita ƙwarai, wato tarin fuka na hanji, wanda yake kama wuri ɗaya da ita kuma ya fi ta yawa a ƙasashen da tarin fuka ya yaɗu, shi ya sa likitoci sukan yi taka-tsantsan, tunda maganin da yake danne garkuwar jiki yana iya hura wutar tarin fuka idan shi ne a kwance. Idan rama ta yi yawa sai a fara raɗe-raɗin ƙanjamau, idan kuma magani ya ƙi ci sai a koma zancen sammu da jifa, a fara kallon kishiya ko abokin kasuwa da wani ido. Mutumin da ya ratso duk wannan yakan iso da shakkar kansa, har ya fara tunanin ko raki ne yake yi kamar yadda aka sha faɗa masa, kuma ɗan'uwan da zai ce masa, ba tare da neman hujja ba, ya yarda ciwon nan gaskiya ne, ya sauke masa kayan da likita ba zai iya sauke masa ba.

Wani wurin da ƙauna take cin karo da wannan cuta shi ne bakin akushi. Uwa ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba man shanu, ta kai har gaban ɗanta, ta zauna a gefen tabarma tana kore masa ƙuda da mafici. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, “Haba ɗan nan, daure ka ci ko loma uku ce, wa ya taɓa warkewa da yunwa?” Shi kuwa ya san abin da loma ukun za ta zama nan da awa guda, ya san murɗar da za ta naɗe shi, amma ya fi tsoron fuskar da za ta yi idan ta ɗauki kwanon kamar yadda ta kawo shi, don haka ya ce, “To, Inna,” ya sa hannu. Babu mai laifi a cikinsu. A wurinta ciyarwa ita ce harshen da take faɗin abin da alkunya ta hana ta faɗa da baki, ƙin cin kuwa kamar mayar mata da maganarta ne. Abin da iyali sukan koya a hankali shi ne raba abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da komawa kunu da fate mai laushi da romo a kwanakin tashin ciwo, da nisantar abubuwa masu zare da ɓawo irin su rama da aya da gyaɗa da ɓawon wake idan likita ya ce hanji ya ƙuntata, ba tare da an mayar da mutum fursunan koko ba a kwanakin da yake lafiya. Abin da yake tayar wa wani da ciwo, nono ne ko yaji, wani yana ci ya kwana lafiya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga yara ma akwai magani wanda abinci ne zalla, wato a ɗora yaro a kan wani haɗin ruwa na musamman shi kaɗai na mako 6 zuwa 8 har kumburin ya kwanta, kuma a irin waɗannan makonni taimakon gidan shi ne kada a zauna ana cin nama a gabansa.

Kunya kuwa ita ce katangar da ta fi tsayi. Hausa ta yi wa wurin biyan bukata sunaye na sakaye, bayan gida da ban-ɗaki da makewayi, duk don kada a ambaci abin da ake yi a can, wannan cuta kuma can ɗin ne fagenta. Budurwar da ƙurji ya fito mata kusa da dubura yana tsiyaya tana iya shekara tana wanke zanenta a ɓoye kafin ta gaya wa mahaifiyarta, magidanci kuma yana iya daina zuwa ɗaurin aure da zaman majalisa, a ce girman kai ya same shi, alhali tsoron nisa da buta ne ya tsare shi a gida. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma gaban likita ranar wanka ce, dole a faɗi sau nawa, da launi, da ko akwai jini. A gida kuwa bugun ciki ba ya haifar da komai sai ƙarin zurfin ciki. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ɗaya a cikin dangi, wanda mai ciwon ya zaɓa da kansa, ya zama shi ne ake faɗa wa magana tsirararta, shi yake raka shi asibiti, ya riƙe sunayen magunguna da ranakun komawa, ya kuma san alamomin da ba a jira da su gari ya waye, irin su amai mai ɗorewa tare da kumburin ciki da rashin fitar bayan gida ko iska, ko zazzaɓi mai zafi, ko zubar jini mai yawa.

Kalmar jinya ma tana da fuska biyu, domin idan aka ce wane yana jinya, ana iya nufin shi ne a kwance, ana kuma iya nufin shi ne a zaune a gefen gadon, kamar harshen ya riga ya gane cewa ciwo ɗaya mutum biyu yake kamawa. Sai dai jinya a tunanin mutane aba ce mai ƙarshe, a kwanta, a yi dubiya, a kawo gudummawa, a tashi, a zo barka. Cutar Crohn ba ta da wannan tsari. Lafawa take yi ta tashi, tana iya yin shiru wata da watanni ko shekaru sannan ta dawo, kuma har yau ba a sami maganin da yake raba mutum da ita ba, sai dai masu riƙe ta, irin su azatayofirin, da allurai na zamani kamar infiliksimab wanda aka fara amincewa da shi don wannan cuta a Amurka a 1998, masu aiki sosai amma masu tsadar da take iya cinye abin da gida ya tara. Dangi sukan cika ɗaki a kwanciya ta farko, su ragu a ta biyu, a ta huɗu kuwa sai a ji ana cewa wai har yanzu ciwon nan ne. Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne a lokacin sauƙi, sa'ad da wani mai kyakkyawar niyya zai ce tunda an warke a bar shan magani haka nan, ko ya miƙo ibufurofen ko diklofenak don ciwon gaɓoɓi, alhali irin waɗannan magunguna suna iya tayar da ciwon da yake kwance.

Sauran ma'anonin ciki ma ba su tsira ba. Waɗanda suka fito ciki ɗaya da mai ciwon haɗarinsu ya ɗara na sauran mutane, ko da yake mafi yawansu ba sa kamuwa, kuma wannan ya isa dalilin da ƙani mai gudawar da ta ƙi tsayawa zai je a duba shi da wuri. Ciki na haihuwa kuwa shi ne tambayar da take hana iyayen budurwa barci, har wasu su zaɓi ɓoye ciwon ga masu neman aurenta, abin da yake mayar da ɗakin amarya wurin zaman zullumi. Mata masu wannan cuta suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, musamman idan cikin ya shiga a lokacin da ciwon yake kwance, amma akwai magani irin su metotireksat da dole a bari tun kafin a nemi cikin, don haka miji yana bukatar ya san komai ya kuma zauna gaban likita tare da ita. Haka nan a sha'anin ibada, shari'a ta ba mara lafiya damar ajiye azumi ya rama, ta ba wanda ciwonsa ba ya barinsa damar ciyarwa, malaman Malikiyya kuma sun yi sauƙi a hukuncin alwalar wanda abu yake fita masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci. Sau da yawa mai ciwon ya san wannan, abin da yake hana shi karɓar sauƙin shi ne idon mutanen gida, kuma uban da zai ce da bakinsa, a gaban kowa, bana wane ba zai yi azumi ba, ya rufe bakin masu magana tun kafin su buɗe.

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma da yawa daga masu wannan cuta wuƙar likita takan huda nasu a wani lokaci na rayuwarsu, a yanke sashen da ya toshe a haɗa sauran, kuma ciwon yana iya dawowa a bakin ɗinkin. Wasu akan fito musu da bakin hanji ta fatar ciki, a manna jaka mai tara bayan gida, na ɗan lokaci ko na dindindin, abin da yake ceton rai yake kuma mayar wa mutum da ƙarfinsa, ko da yake karɓarsa a zuci yana ɗaukar lokaci. A nan abin da yake ciki ya fito waje a zahiri, kuma yadda mata ko miji ya kalli jakar a ranar farko yana daɗewa a ran mai ita. Mai jinyar ma yana da nasa cikin, wanda yake haɗiye tsoro da gajiya da lissafin kuɗin magani, kuma tunda da ruwan ciki akan ja na rijiya, gidan da ya bar mutum ɗaya da wannan aiki shekara da shekaru zai wayi gari da majinyata biyu.

Yawancin taimakon da yake isa ga mai wannan ciwo ba shi da suna a jerin ayyukan zumunci, kuma waɗanda suke wajen gidan ba sa ganinsa. Buta ce da ake cikawa a ajiye a bakin ƙofa kafin a kwanta, da fitilar da ake bari a kunne a hanyar makewayi, da kujerar bakin ƙofa da ake kama masa a motar haya tare da yi wa direba magana a gefe tun kafin a tashi. A gidan biki, inda mata suka cika tsakar gida ana ta guɗa, ƙanwa takan riga yayarta shiga, ta zaga kamar mai neman wata ƙawa, sannan ta dawo ta zauna kusa da ita, ta gyara mata mayafi, ta ce a hankali yadda babu mai ji, “Yaya, yana bayan ɗakin can na hagu, babu kowa, na kai ruwa.”